Kurakuran da ake yi wajen dusashe hoto a kwamfuta

Kullum sai ka ga an turo hoton katin NIN ko takardar JAMB a guruf, wai an tsinta a Samaru nan Zariya ana cigiyar mai ita, an ɗan rufe lambar da ƴan murabba'an nan na dusashe hoto amma in ka zuba ido sai ka karanta ta tsaf. Niyyar mai kyau ce, aikin ne bai yi ba.

Babban kuskuren shi ne rufe rubutu da lambobi da murabba'ai. Su fa ba goge bayanin suke ba, launukan wurin kawai suke cakuɗawa, lamba kuwa daga 0 zuwa 9 ce, manhaja za ta yi ta gwadawa har ta dace da wacce ta ba da irin wannan zanen. An saki manhajar Depix a 2020, kamfanin Bishop Fox ya saki wata mai suna Unredacter a 2022, duk aikinsu kenan kuma kyauta suke a intanet. Don Allah in lambar BVN ce ko ta asusu ko ta waya, baƙin akwati za ka zana a kai, ka duba Opacity, wato kaurin launin, yana kan 100, don in ya yi shara-shara ana ƙara hasken hoton rubutun zai fito.

Fuska ce ta dace da murabba'ai. A Photopea, shafin gyaran hoto wanda ke buɗewa cikin burauza ba sai ka sauke komai ba, ka fara zagaye fuskar da Lasso tukuna, in ba haka ba duk hoton zai dagule, sannan Filter, Pixelate, Mosaic. Nan ma mutane na barin Cell Size, wato girman murabba'an, ƙarami wai kar hoton ya yi muni, ai munin ake nema. Ka ƙanƙance hoton ka ja baya daga sikirin, in har ka gane mutumin to ƙara girman.

Kuma ba fuska kaɗai ke tona mutum ba. Bajon makaranta a rigar yaro, lambar Keke Napep, allon shagon da ke baya a PZ ko Tudun Wada, a garin nan da an san juna ko hula ma ta isa.

Sai wajen ajiyewa. In ka ajiye a PSD, wato fayil ɗin da ake ci gaba da gyara, Layers na nan daram, hoton daban akwatin daban, wanda ka tura wa zai ɗage akwatin ya ga komai. File, Export as, JPG, sannan ka buɗe wanda ya fito ka duba da idonka kafin ka tura. Hoton waya kan zo da bayanin inda aka ɗauke shi in GPS na kunne, kuma in ka tura shi a matsayin Document a WhatsApp bayanin na binsa, gara ka ɗauki sikirinshot ka tura wannan.

Masu zuwa bizines santa a Kongo ko bakin get ɗin ABU, asalin hoton da ka kwafa daga waya yana nan a kwamfutarsu bayan ka tashi, ka goge shi daga Downloads ka kuma share Recycle Bin kafin ka biya kuɗi.