Darasi na Tara: Kwanan Batirin Babur da Lokacin Sauya Shi

Ɗan'uwa, kafin mu shiga darasi, buɗe murfin gefen babur ɗinka ka karanta abin da aka rubuta a jikin batir. Za ka ga 12V, sannan wata lamba kamar 5Ah ko 7Ah. Ta farko ƙarfin wutar ce, bolt 12. Ta biyu yawan wutar da batirin ke iya riƙewa. Rubuta su biyun a littafinka, domin da su za ka je kasuwa ranar da buƙata ta taso.

Batir iri biyu ne a baburan da ke yawo tsakanin Aboabo, Asawase da Kejetia. Akwai mai ruwa, wanda ke da ƙananan murafe shida a kansa, akwai kuma rufaffe wanda ba a buɗe shi sam. Mai ruwa yakan kai shekara 2 zuwa 3 idan ya samu kulawa. Rufaffe mai kyau yakan kai 3, wani ma ya wuce. Amma babur ɗin haya da ake kashewa ana tayarwa tun asuba har dare, cikin zafin Kumasi da ramukan hanya, ba kasafai batirinsa ke cika wannan kwana ba. Zafi yana ƙafar da ruwan ciki, girgiza kuma tana kakkaɓe farantan dalmar da ke riƙe wuta.

Ba kasafai batir ke mutuwa babu sallama ba. Da safe ka danna sitata, sai ka ji tana ja da ƙyar, ko ta yi ƙyas-ƙyas ta tsaya. Hon ya shaƙe. Fitila ta dushe idan inji na tsaye, ta haska idan ka murɗa totur. Da yawa daga nan sai su wuce Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan gyara, su sayi sabo, bayan wata biyu sabon ma ya kwanta. Wannan asarar tana ba mu takaici, domin gwajin minti biyar zai hana ta.

Ga yadda ake gwajin. Ka samu mitar awon wuta wajen mai gyaran wayarin, a juya ta zuwa DC 20. Jar waya a kan alamar +, baƙa a kan alamar −. A bar babur ya huta kamar awa ɗaya tukuna. Idan mita ta nuna 12.6 ko sama, batir a cike yake. 12.4 yana son caji. Ƙasa da 12.0 ya kusa ƙarewa ƙarƙaf. Yanzu ka danna sitata idonka na kan mita: idan lamba ta faɗo ƙasa da 9.6 alhali an cika shi da caji, batirin ya gaji, sai sauyi.

Kada ka tsaya nan. Tayar da inji, ka ɗan murɗa totur. Ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan lamba ba ta tashi daga 12 ba, babur ne ba ya ciyar da batir, laifin yana wajen koyil mai samar da wuta, ko rektifaya mai daidaita wutar da ke shiga batir, ko wata waya da ta saki. Idan kuwa ta haura 15, rektifaya ta lalace tana dafa batirin: zai yi zafi, ruwansa ya ƙafe, cikinsa ya kumbura, har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ko batir goma ka saya, haka za ta cinye su.

Mai batir na ruwa ya duba shi sau ɗaya a wata. Ruwan ya tsaya tsakanin layin UPPER na sama da LOWER na ƙasa. Idan ya ragu, tataccen ruwan batir kawai ake ƙarawa. Ba na famfo ba, ba na leda ba, kuma ba asid ba, domin ruwa ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan. Farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir, inda ake ɗaura wayoyi, yana tare wuta. A wanke shi da ruwan kanwa mai ɗumi ba tare da ya shiga cikin batir ba, a goge, a ɗaure noti, a shafa ɗan giris.

Ajiye babur ma yana kashe batir. Wanda zai yi tafiyar wata ɗaya ko fiye, ya cire baƙar wayar batir, ta gefen −, kafin ya tafi, musamman idan ya ƙara ƙararrawar ɓarawo ko wurin cajin waya, don suna shan wuta ko an kashe makulli. Wajen caji kuma a bi a hankali: batir mai 7Ah ana ba shi kimanin amfiya 0.7 na awa 5 zuwa 10. Babbar cajar mota takan ƙona shi.

Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yana yoyo, ba ya buƙatar wani gwaji. Haka wanda aka cika da caji yau, gobe da safe ya wayi gari babu wuta alhali an cire masa waya.

Ranar sauyi, kashe makulli, ka fara cire baƙar waya sannan ja. Wajen ɗaura sabo, ja ce farko, baƙa ta biyo. Ka tabbata lambobinsa da girmansa da gefen da + take sun dace da na tsohon. Idan a gabanka aka zuba masa asid, a bar shi ya zauna aƙalla minti 30, a yi masa caji kafin a ɗora. Sai ka rubuta wata da shekara a jikinsa da fenti.

Tsohon kuwa kada a fasa shi a tsakar gida, kada a zubar da ruwansa a kwata. Asid yana ƙona fata da ido, dalma kuma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. A ɗauke shi a tsaye, a mayar wa mai sayar da batir.