Yadda ake gina ƙarfin zuciyar ɗan dambe kafin babbar karawa

A gidajen dambe na Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, mai ido kan gane wanda za a kashe tun daga yadda ya shigo fili. Ga ƙirji, ga dantse, amma ƙafarsa ta baya ta riga ta fara neman hanya. Wanda bai yarda da kansa ba yakan jinkirta hannu, ya saki naushi rabi-rabi, ya ƙura wa hannun zaren abokin karawa ido har ya manta da nasa hannun kariya. A dambe kuwa, gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, kisa ne.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana a 1977 cewa yarda da kai tana da tushe huɗu: nasarar da mutum ya taɓa samu, abin da ya ga tsaransa ya yi, maganar da ake gaya masa, da yadda yake fassara abin da jikinsa ke ji. Na farkon ya fi nauyi, da shi ubangida zai fara.

Tun saura mako shida, tsara wa yaronka abokan gwaji hawa-hawa. Fara da wanda yaronka ya fi ƙarfinsa kaɗan, sannan tsaransa, sannan wanda ya ɗan fi shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa sabon tashi gaban shago don kuɗin ƙofa. Kisa ɗaya mai muni na iya sa ya shekara yana runtse ido in an ɗaga masa hannu. In kuma kullum masu rauni kake ba shi, girman kai za ka gina, ranar da ya sha naushin gaske zai rushe.

Na biyu, ɗauki gwajinsa da waya. Yanke wurare uku da ya yi daidai, ya kalle su kowane dare. Daga nan ya rufe ido minti goma, ya hasko turmi uku na karawar a ransa: ƙarar kalangu, ƙura, ihun ’yan kallo, har da inda aka same shi ya girgiza bai faɗi ba. Wannan na ƙarshen kada a tsallake shi.

Sai magana. “Kai zaki ne” aikin makaɗi ne, kuma kirari abin da ke cikin zuciya yake tayarwa. Kai ubangida, ba shi abin riƙewa: “Yaro, in ya kai hannu kafaɗarsa na sauka, nan za ka shiga.” Umarni biyu sun isa. Fiye da haka, tunani zai riƙe masa hannu.

Saura mako biyu, rage yawan atisaye kusan rabi, amma a bar zafinsa yadda yake. Gajiyayyen jiki kan sa mutum zargin kansa.

Ranar karawa gabansa zai faɗi, tafin hannu ya yi gumi. Gaya masa tun da wuri cewa jiki ne ke shiri, manya ma suna jin haka. Yayin ɗaura zare ya ja numfashi ta hanci daƙiƙa huɗu, ya sake shi a daƙiƙa shida, sau goma. Addu’a, ɗumama jiki, ɗaura zare, duk a bi tsari ɗaya da na ranakun gwaji, kada a sauya.

Ka sa ido kan masu kawo tiramadol da sunan ƙarin zuciya. Ƙwayar tana dusashe zafi, tana kuma kawo jiri da jinkirin hannu, har da farfaɗiya in an zarce. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni a duniya, ta haramta ta a lokacin gasa tun Janairun 2024.

In an kashe shi, bar shi ya kwana biyu kafin ku kalli bidiyon. Ku fara da abin da ya yi daidai, ku ɗauki gyara ɗaya tak. Idan ya suma ko kansa na juyawa, likita zai fara gani kafin ya sake ɗaura zare.