Darasi na 9: Dam ɗin Ƙauye da Mutanen da ke Kwana a Gangarensa

A ƙasar Katsina da Daura ruwan sama yakan sauka daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, kuma ya fi ƙarfi a Agusta. Daga nan sai rani, wata bakwai ko takwas ba ɗigo. Shi ya sa ake tare ruwan damina da dam, a ajiye shi don watannin da ba a samu.

Kowa ya san manyan: Zobe da ke kusa da Dutsin-ma a kan kogin Karaduwa, wanda aka kammala a 1983, da na Jibiya a kan kogin Gada, da Ajiwa da birnin Katsina ke sha, da Sabke a ƙasar Daura, da Mairuwa a Funtuwa. A wurin injiniyoyi, dam ɗin da tsayinsa ya kai mita 15 babba ne. Darasinmu na yau a kan ƙananan yake, waɗanda ba su kai haka ba: jingar ƙasa ce aka tara aka dandaɓe a kan rafi ko kwari a bayan gari. Irin waɗannan da wuya ka ga an ajiye musu ma'aikaci. Masu kula da su su ne masu amfani da su, wato mu.

Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne. Shanun gari da na Fulani su sha, 'yan noman rani su ja ruwa su yi tumatir da albasa da tattasai, masunta su kama tarwaɗa da karfasa, magina su ɗebi na kwaɓa ƙasa. Rijiyoyin da ke kusa ma sukan daɗe ba su ƙafe ba, don ruwan dam yana tsuma ƙasa. Sai dai ruwan dam ba na sha ba ne sai an tace an tafasa, kuma yaran da ke yawan wanka a ciki sukan kamu da tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarin ɗansa ya kai shi asibiti, akwai magani.

Yadda ake auna haɗarin dam

A ƙasashe da dama, ciki har da Amurka, ana kasa dam gida uku: mai babban haɗari, mai matsakaici, da mai ƙarami. Ku kula da kyau a nan, don wurin nan ne mutane kan ruɗe. Ba tsufan dam ake dubawa ba, ba kuma girmansa kawai ba. Tambayar ita ce: in ya ɓalle da tsakar dare, me ruwan zai tarar a gabansa? In gidaje ne da mutane ke kwana a ciki, babban haɗari ke nan, ko da jiya aka gama ginin. In gada ce ko titi ko gonaki masu yawa, matsakaici ne. In fili ne da ba kowa, ƙarami ne.

Saboda haka matsayin dam yana iya canzawa ba tare da an taɓa shi ba. Wanda aka gina a daji shekara 30 da suka wuce, yau gari ya faɗaɗa, an yanka filaye a gangarensa, an gina makarantar allo da kasuwa. Haɗarinsa ya ƙaru. A ganina bai kamata mai unguwa ko dagaci ya sa hannu a takardar fili a hanyar ruwan dam ba, komai arhar filin.

Awo na biyu shi ne lafiyar dam ɗin kansa, kuma wannan aikin ido ne. Dam ɗin Bagauda na Kano ya ɓalle a watan Agusta 1988 bayan ruwa mai ƙarfi. Na Alau ya ɓalle a Satumba 2024, ruwa ya shafe unguwanni da yawa a Maiduguri. Waɗannan manya ne, amma ƙaramar jinga ma galibi ta hanya biyu take karyewa: ko ruwa ya haura ta samanta ya zaizaye ta, ko ya huda ta ciki.

Don kada ruwa ya haura, ana buɗe masa mafita a gefe, inda rarar ke bi in dam ya cika. Wasu kan jera buhunan yashi a wurin wai don ruwa ya ƙara taruwa su more da rani. Kada ku yarda da wannan ko kaɗan. In aka toshe mafita, ruwan ba shi da hanya sai kan jinga. Kafin damina ta faɗi a taru a yi gayya, a kwashe yashi da ƙirare da shara daga wurin.

Hudawa ta ciki ta fi wuyar ganewa. Ku zaga bayan jinga, ɓangaren da ba ruwa. Ɗan tsattsafo mai haske da ba ya ƙaruwa ba abin tashin hankali ba ne, amma a riƙa lura da shi. In kuwa ruwan da ke fita ya yi ja ko ya gurɓace, to ƙasar jingar yake kwasowa, kuma ramin yana ƙara faɗi a kowace sa'a. A ranar za a sanar da mai unguwa da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, mutanen gangare kuma su koma kan tudu. Ku duba tsagewa a saman jinga, da wurin da ya lotsa, da suri, da ramin gafiya. Ciyawa irin su ƙiri-ƙiri tana riƙe ƙasa, a bar ta. Itace kuwa a cire shi tun yana tsiro. Wanda ya riga ya girma kada a tuge shi sai injiniya ya gani, don saiwarsa ta ratsa ciki. Masu bulo su nemi ƙasa nesa da gindin jinga, shanu kuma a ware musu mashaya guda.

Aikin aji

Ku kafa sanda a bakin ruwa, ku yi mata alama da fenti a kowace ƙafa. Ku zaɓi mutum biyu daga ajin nan su riƙe littafi, su riƙa rubuta abin da suka gani kowane mako, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Ga misali:

Talata, 12 ga Agusta. Ruwa ya kai ƙafa 6. Mafita a buɗe take. Akwai sabon suri a gefen gabas.

Injiniyan da aka nuna wa irin wannan littafi zai gane matsalar da wuri fiye da wanda aka ce wa kawai "dam ɗinmu ya lalace".

Yanzu kowa ya rubuta amsa a littafinsa:
1. Gida nawa ne a gangaren dam ɗin da ya fi kusa da ku?
2. A wane mataki za ku sa shi cikin ukun nan, kuma don me?
3. In aka yi shela da dare, wane tudu iyalinka za su nufa, kuma wa zai ɗauki tsofaffi da ƙananan yara?