Kurakuran da ake yi a ƙasan CV: sha'awa daban, abin da kake yi daban

Duk CV ɗin da ƙannena na nan Maradi ke kawo mini in duba, wato takardar bayanin kai ta neman aiki, layin ƙarshe ne ke ba ni dariya, wurin da ake rubuta abin da mutum ke yi in ya samu hutu da kuma abin da yake sha'awa. Cakuɗa su ake yi, alhali ba ɗaya ba ne. Sha'awa a zuciya take, kana bin labarin abu kana son ka sani ko da ba ka taɓa sa hannu ba. Ɗayan kuwa sai ka tashi ka yi shi, ya ci maka lokaci, wani sa'in har da ƴan kuɗi, kuma ba da shi kake ci ba.

Kuskuren farko, kokowa. Kowa ya rubuta wai yana yin kokowa, to malam yaushe rabonka da ɗaura walki? Ka san Kantu ɗan Maradi ne ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasar Nijar a Tawa a 1975, kana kwana gaban talabijin duk lokacin gasar takobi, madalla, amma wannan sha'awa ce, sai ka rubuta kana bin kokowar gargajiya. In aka tambaye ka ranar ganawa da masu ɗaukar aiki kana da abin faɗi kuma ba ka yi ƙarya ba.

Na biyu, kwafe. Karatu, tafiye-tafiye, wasanni, kalmomi uku da mai buga takardu ya bari a kwamfuta daga CV ɗin wani. A ce wane littafi ka gama kwanan nan, sai kame-kame. Ka faɗi takamaimai, ko ka goge.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne masu ɓoye na gaskiyar don kar a ce musu ƴan ƙauye. Yaro na kiwon tattabaru shekara da shekaru, ko yana da jar akuya irin tamu ta Maradi, ya san dusa ya san allura, ko gwani ne a dara, amma ya ƙi rubutawa. Ai nan ake ganin haƙuri da lura, rubuta abinka. Sai dai in da kuɗin akuyoyin kake biyan haya, ya zama sana'a, mai da shi sama wurin ayyukan da ka yi.

Zaman fada da shan shayi kam, da latsa WhatsApp har asuba, don Allah a bar su a fada.