Babi na Bakwai: Riƙon Kuɗin Aikin Binciken Lafiya

Wannan babi naku ne, ku da kuka gama ajin karatu da rubutu har aka fara ɗaukar wasunku aikin kai-komo a binciken lafiya. Tunda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika, masu bincike ba sa rabuwa da neman 'yan unguwa daga Tudun Wada, Ƙofar Doka, Sabon Gari da Samaru, waɗanda za su kira mutane, su raka su asibiti, su miƙa musu kuɗin mota. Karatun da kuka yi ya ishe ku wannan aiki. Abin da na ga yana kayar da mutane shi ne littafin kuɗi. Ku ɗauko biro da rula da sabon littafin rubutu. Ban da fensir, don abin da fensir ya rubuta gogewa yake yi.

Darasi na 1: Kuɗin wa ke hannunka?

Ba naka ba ne, ba kuma na likita ba ne. Na mai ɗaukar nauyin binciken ne, wato gwamnati, ko jami'a, ko wata ƙungiya, ko kamfanin magani. Tun kafin a ga mutum na farko an zauna an raba kuɗin gida-gida a takarda: na gwajin jini, na albashi, na katin waya, na motar waɗanda suka shiga binciken. Wannan takarda ita ake kira kasafi. Kun san yadda ake yi a biki, kuɗin girki daban, na rumfa daban. Sai dai a biki uwar amarya tana iya ɗibar na rumfa ta ƙaro shinkafa, a nan kuwa ba a yi sai da izinin shugaban bincike. Wani lokaci shi ma sai ya rubuta ya nemi izini.

Kuɗin motar ma ba kai za ka yanka ba. Kwamitin ɗa'a, mai kare haƙƙin mutanen da ake bincike da su, shi ya amince da adadin tun farko. Dattawan cikinku sun tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara wajen 200, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko iyayen sun san gwaji ake yi. Tun 2007 ƙasar nan tana da ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya, kuma ba a gwada sabon magani sai da yardar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Saboda haka kada in ji wani ya ce wa mutum, "Zo a ɗebi jininka a biya ka." Abin da kake miƙawa kuɗin mota ne. Wanda ya zo yau ya ce gobe ya fasa, ka ba shi na yau cif-cif, ba ragi, ba ɓata fuska.

Darasi na 2: Jan layi

Buɗe littafinka, ka fara da shafin farko na dama. Ɗora rula a tsaye, ka ja layi huɗu daga sama har ƙasa. Layi huɗu zai ba ka gida biyar. Ƙirga da yatsa ka gani. In shida ka samu, ka ja layi biyar ke nan, juya shafi ka sake, ba komai.

A saman gidajen, daga hagu zuwa dama, rubuta: Kwanan wata, Bayani, Shiga, Fita, Ragowa. Ku da hannunku ya saba da ajami ku lura, daga hagu ake farawa. Gidan Bayani ya fi sauran faɗi, don can ake rubuta kalmomi.

"Shiga" shi ne kuɗin da aka ba ka. "Fita" shi ne wanda ya bar hannunka. "Ragowa" shi ne abin da ke cikin jakarka a wannan lokacin.

Darasi na 3: Ragowa

A nan za mu daɗe, ku gyara zama.

A ce ranar Litinin akanta ya ƙirga maka naira 20,000. Ka sake ƙirgawa a gabansa, ba rashin kunya ba ne. Rubuta kwanan wata. A Bayani rubuta "daga akanta". A Shiga rubuta 20,000. Gidan Fita ka ja masa ɗan gajeren layi, alamar babu. A Ragowa rubuta 20,000. Sifili huɗu ne, ƙirga su. In ɗaya ya faɗi, dubu ashirin ta koma dubu biyu.

Mutum na farko ya zo, a ce kuɗin motar da aka amince 1,500 ne. Rubuta 1,500 a Fita. Tsaya, kada ka kira na biyu. Ɗebe 1,500 daga 20,000, saura 18,500. Rubuta shi a Ragowa, a kan wannan layin da kake kai. Yanzu kira na biyu.

Na biyu ya karɓi 1,500. Daga ina za ka ɗebe? Yawancinku 20,000 kuke komawa, ni da idona na gani a aji. A'a. Ashirin ɗin nan ta riga ta tafi. Ka dubi gidan Ragowa na layin da ke sama da kai daidai, wato 18,500, daga nan za ka ɗebe. Saura 17,000. Rubuta.

Mu sake. Ɗora yatsan hagu a kan ragowar da ke sama. Biro yana hannun dama. Ɗebe abin da ya fita daga abin da yatsanka yake kai. Rubuta amsar a ƙarƙashin yatsan. Sauko da yatsan kan sabuwar lambar. Shi ke nan. Wanda ke rubutu da hagu ya juya hannuwan.

Ka sayi katin waya na 1,000. Yatsa yana kan 17,000. Saura 16,000. Rubuta, sauko da yatsa.

Ka hau Keke daga Kwangila don rako wata tsohuwa, ka biya 500. Yatsa yana kan nawa? 16,000. Saura 15,500. Madalla. Kun gani, ba wani lissafin jami'a ba ne, ɗebewar nan ce da muka yi a Babi na Uku da ƙwayar gyaɗa.

In kanka ya ɗaure, yi amfani da kwakuleta ta waya, babu wanda zai yi maka dariya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne barin gidan Ragowa fanko da cewa "sai dare na cike". Da dare ka gaji, yara na kuka, an ɗauke wuta, ka manta ko mutum bakwai ka sallama ko takwas. Wani ɗalibina, dattijo mai amana da ko allura ba zai ɗauka ba, ya bar Ragowa kwana huɗu. Ranar lissafi dubu uku ta ɓace a takarda, ya cika daga aljihunsa, kuma kunyar ta fi kuɗin yi masa ciwo.

Kafin ka kwanta, zazzage jakar a kan tabarma, ka ƙirga. Abin da ka samu dole ya yi daidai da lambar ƙarshe ta Ragowa. Littafi ya ce 15,500, jaka ta ce 15,500, ka yi alhamdu lillahi ka kwanta. In sun saɓa, koma layin farko da yatsanka, ka biyo ɗebewar ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa kuskuren yana wurin da ka tsallake ragowar sama ka ɗebe daga wata. In ka gano shi, ja layi ɗaya siriri a kan lambar yadda za a iya karanta ta, ka rubuta daidai a gefe, ka sa hannu. Kada ka murje, kada ka yage shafi. Odita, wato mai binciken littafin kuɗi, in ya ga shafi a yage, ba zai tambaye ka dalili da murmushi ba.

Gaskiya na gaji da maimaita wannan. Mako uku muna kai, jiya na duba littattafai goma sha biyu, biyar gidan Ragowa fari fat. Ku ba yara ba ne, wasunku sun yi jika da ni. Kuɗin amana kuka riƙe. Kowace fita da ragowarta, a lokacin, kafin a kira na gaba.

Kuma jakar aiki daban, aljihun cefane daban. Ba a ranta, ko da niyyar mayarwa gobe.

Darasi na 4: Rasit da dangwale

Duk abin da ka saya, karɓi rasit mai kwanan wata. Mai Keke da ɗan acaba ba su da rasit, sai ka cike takardar biya da ofis ya ba ka. Wanda ka ba kuɗin mota ya sa hannu kafin kuɗin ya bar hannunka. In tsohuwa ce da ba ta rubutu, ka ce, "Inna, kawo babban yatsanki ki dangwala nan, shaidar kin karɓi dubu da ɗari biyar." Ka faɗi adadin da baki ta ji. Kada ka taɓa dangwala wa wani.

A littafinka lambar da aka ba mutum za ka rubuta, ban da sunansa, ban da ciwonsa. Littafi yana iya faɗuwa a kasuwa.

Darasi na 5: Komawa wurin akanta

Jera rasit bisa kwanan wata, ka ɗinke su da abin ɗinke takarda. Jimlar rasit da ragowar hannunka su haɗu su ba da abin da aka ba ka tun farko. Ba a sake ba ka wani kuɗi sai ka yi bayanin na baya. Akanta ya sa maka hannu a littafinka.

Darasi na 6: Canji da turawa ta waya

Nemi 'yan ɗari biyar-biyar tun da safe. In ofis ya yarda a tura ta waya, kamar yadda aka koma yi lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ajiye saƙon banki, ka rubuta cajin da banki ya cire a nasa layin.

Aikin gida: an ba ka 30,000, ka sallami mutum shida a kan 1,500, ka sayi kati na 2,000. Layi takwas nake so in gani, kowanne da ragowarsa. A kawo ranar Laraba bayan la'asar.