Launin bijimi: wane matsayi za ka ba shi wajen zaɓen uban garken nama?

A kara, launi ido ke fara gani. Ka shiga kasuwar shanu ta Potiskum ko Maigatari, farin bijimin da aka wanke tas shi zai fara ɗauke maka hankali, ko da na gefensa mai ruwan toka ya fi shi faɗin baya da cikar cinya. Dillalai sun san haka, shi ya sa kyawun launi ke shiga cikin farashi. Amma mai neman uban garke ba sa ɗaya yake saye ba. Duk maraƙin da za a haifa, rabin halittarsa daga wannan bijimin za ta fito, kuma babban bijimi yakan isa wa shanu 25 zuwa 30. Kuskure ɗaya a ranar kasuwa, sai ka yi shekaru kana kiwonsa.

Launi da nama gadonsu daban ne. Abin da ke sa gashi ya fito baƙi ko ja ba shi ke sa cinya ta cika ko maraƙi ya yi saurin girma ba. Shanun Angus, 'yan asalin Sukotland, sun isa misali. Akwai baƙaƙe, akwai jajaye, tushensu ɗaya. A Amurka an daina yi wa jajayen rajista tare da baƙaƙe a 1917, har masu jajayen suka kafa tasu ƙungiyar a 1954. Daga baya, a 1978, aka fito da tambarin naman Angus na musamman, wanda sharaɗinsa na farko shi ne sa ya kasance baƙi ne akasarin jikinsa. Nan baƙin maraƙi ya yi daraja a kasuwannin can. Kasuwa ce ta ɗora wa launin kuɗi. In mahauci ya feɗe ja da baƙi ya rataye, ba mai iya nuna maka wane ne wane.

Duk da haka launi ba ya rasa abin da yake gaya maka, in ka san tambayar da za ka yi masa. Abu na farko, yana nuna jinsi. Bunaji fari ne, amma kunnuwansa, hancinsa, kewayen idonsa, kofatansa da bakin jelarsa baƙaƙe ne. Rahaji ja ne mai duhu, ga dogon ƙaho, ga dogayen ƙafafu, an gina shi don doguwar tafiya. Bokoloji, wato Gudalin Sakkwato, fari ne ko mai ruwan toka, gajeren ƙaho ko kusan babu, jikinsa a cike kuma ga sanyin hali, shi ya sa masu turka ke son sa. Idan aka ce maka wannan Bunaji ne tsantsa, ka ga jan roɗi-roɗi a wuyansa, to akwai gauraye a jininsa. Gaurayen ba aibi ba ne a garken nama, sau da yawa ma ruwa-biyu ya fi iyayensa saurin girma. Abin gudu shi ne ka biya kuɗin tsantsa a kan abin da ba tsantsa ba.

Abu na biyu, zafin rana. Baƙin gashi ya fi fari shan zafi, kuma a Maris da Afrilu bijimin da zafi ya dama yakan bar kiwo ya laɓe a inuwa, ya rage bin shanu. Zafi mai tsanani yana ɓata maniyyi, kuma jiki na ɗaukar kimanin kwana 60 kafin ya haɗa sabo, don haka ɓarnar bazara tana iya biyo ka har cikin damina. Sai dai a nan ma mutane da yawa suna tsayawa a kan launi su manta da yanayin gashin. Gajeren gashi mai santsi da sheƙi, wanda ya kwanta a jiki, ya fi muhimmanci. Jan sa mai irin wannan gashin zai fi jure rana a kan fari mai dogon gashi buzu-buzu. Wannan ya fi shafar masu sayen bijimin da ke da jinin shanun Turai.

Ga wurin da ya kamata ka ɓata lokaci: buɗa gashin da yatsu ka dubi fatar da ke ƙarƙashi. Abin da ya sa Bunaji ya dace da ƙasarmu shi ne farin gashi a kan baƙar fata. Gashin na mayar da zafi, fatar na kare shi daga ƙunar rana. Fari mai fata ja-ja kamar ta sabon jariri wani abu ne daban. Duba fatar ido, hanci, ƙasan jela da jakar maraina. Inda babu duhu a waɗannan wurare, rana na ƙona su. Shanun Hereford, jajaye masu farar fuska, an san su da cutar dajin ido, kuma ta fi kama waɗanda fatar idonsu ba ta da launi. Bijimi na gadar wa 'ya'yansa wannan. In dai akwai hujja ɗaya mai ƙarfi ta ƙin bijimi saboda launi, to ita ce wannan, kuma ba a gashi take ba.

Batun ƙudan tsando kuwa, gaskiya ne launi mai duhu na janyo shi, shi ya sa ake yin tarkonsa da baƙi da shuɗin ƙyalle. Amma kar ka ɗauki fari a matsayin rigakafin sammore, cutar da tsandon ke yaɗawa. Muturu, ƙaramin sa marar tozo, baƙi ne ko baƙi da fari, yana zaune lafiya a dazukan kudu, alhali farin Bunaji na kwantawa a can.

Akwai kuma launin da ciwo ne ya kawo shi. Baƙin sa da gashinsa ya koɗe ya koma ja-ja kamar tsatsa, musamman a kewayen ido, yakan nuna ƙarancin sinadarin jan ƙarfe a abincinsa. Gashi a tsaitsaye ba sheƙi, ka zargi tsutsar ciki ko ciwon hanta. Gashin da ya dunƙule da ɓawo a gadon baya, kirci ne, kar ka yarda a ce maka laka ce.

Wanda ke son garkensa ya fito launi ɗaya ya san wannan lissafin. A shanun Turai baƙi na danne ja. Baƙin bijimi na iya ɓoye ja a jininsa, kuma ba za ka gane da ido ba. Ka sa shi a jajayen shanu, kusan rabin maruƙan jajaye za su fito. Ka sa shi a baƙaƙen shanu da su ma suke ɓoye da ja, kusan ɗaya cikin huɗu zai zo ja. Ja da ja kuwa ja suke haifa. Farin Charolais yana dishe launi, a kan baƙar saniya sai ya ba da maraƙi toka-toka. A shanunmu masu tozo gadon launi ya fi haka sarƙaƙiya, kar ka yi tsammanin lissafin zai fita daidai tsakanin Bunaji da Rahaji.

To, da me za ka fara in ba da launi ba? Da maraina. Su kasance biyu, girmansu ɗaya, suna motsi a cikin jaka, da ƙarfi kamar damtsen da aka ɗaure, ba lugub ba kuma ba tauri kamar dutse ba. Zagaya tef a inda jakar ta fi faɗi. A shanun Turai ana neman aƙalla santimita 30 a wata 15, da 34 bayan shekara 2. Masu tozo sun fi jinkirin balaga, don haka ka gwada shi da sa'o'insa na jinsi ɗaya, ka ɗauki wanda ya fi. Kumburi a gefe guda, ko kumburin gwiwa mai ruwa, na iya zama bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari kuma tana kama mutum. Likitan dabbobi zai ɗebi jini ya gwada. Idan da halin a duba maniyyi, a ga aƙalla 30 cikin 100 na ƙwayoyinsa suna tafiya gaba, 70 cikin 100 kuma siffarsu daidai.

Daga nan sai ƙafafu. Sa a ja shi ya yi tafiya a ƙasa mai tauri, ka tsaya a bayansa. Lokacin barbara duk nauyinsa a ƙafafun baya yake, don haka mai ɗingishi, mai kofato a karkace ko mai ƙafar baya a miƙe sambal kamar turke ba zai daɗe yana aiki ba. Buɗe bakinsa: manyan haƙora biyu na farko na fitowa wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, takwas kuma na cika wajen shekara 5. Mai biyu ko huɗu shi ne ke da sauran shekarun aiki a gaba. Ƙaramin bijimi kar ka haɗa shi da fiye da shanu 15 a shekararsa ta farko.

Nama a baya yake, a gadon baya da kwankwaso da cinya. Tozo da ƙaho ba su cika faranti. Idan babu sikeli, auna zagayen ƙirji a bayan tozo da ƙafafun gaba, sannan tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin jela, duka da santimita. Ninka zagayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Mai ƙirji 170 da tsawo 140 zai ba ka kusan kilo 373. Ƙiyasi ne, amma ya isa ka gwada bijimai biyu masu shekaru ɗaya. Ka yi hattara da wanda aka ɗura wa dusa da ƙulin auduga a turke don kasuwa: kitse na ɓoye aibi, kuma da ya shiga daji zai zube. Idan daga ruga za ka saya, nemi ganin uwarsa da 'ya'yansa, ka tambayi ko ana shan wuyar haihuwarsu, musamman in karsana za ka sa masa. Mai tunkuyi ka bar shi, ko da kyansa ya kai ina.

In ka tace ka rage biyu ko uku da suka yi kunnen doki a duk waɗannan, to a nan ne launi zai raba gardama: ɗauki wanda masu saye a kasuwar da kake kai shanu suka fi so, mai gajeren gashi da duhun fata. Ka kai shi gida ka ware shi kwana 21 zuwa 30, a yi masa maganin kaska da na tsutsa da rigakafin ciwon huhu kafin ya shiga garke. Ka kuma rubuta ranar da ya fara aiki, domin wajen shekara 3 'ya'yansa mata za su isa barbara, kuma kafin lokacin ya kamata ka sauya shi.