Yadda Ake Neman Digirin Jinya na Gajeren Zango da Yadda Ake Kammala Shi

A Damagaram, hanyar da kowa ya sani ta zama ma'aikacin jinya ita ce mutum ya ci Bak, ya shiga makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati, wato ENSP, ko wata mai zaman kanta, ya yi shekara 3 ya fito da lisans. Amma akwai wanda ya riga ya gama lisans a wani fanni dabam, a Jami'ar André Salifou ko ta Abdou Moumouni da ke Yamai, sai daga baya hankalinsa ya karkata ga jinya. Irin wannan ne jami'o'in Amurka suka buɗe wa tsarin gajeren zango da ake kira ABSN, wanda ake gamawa cikin wata 11 zuwa 18. Kanada ma tana da makamancinsa. A Jami'ar Toronto shekara 2 ake yi. Ba a rage karatun ba, kuma ba a rage awannin aiki a asibiti ba. Hutu ne kawai aka cire, aka matse darussan wuri ɗaya.

Mataki na farko shi ne tabbatar da cewa ƙofar shiga ƙasar a buɗe take, tun kafin a kashe ko dala ɗaya. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sa Nijar cikin jerin ƙasashen da ta hana ƴan ƙasarsu shiga, kuma hanin ya haɗa da bizar ɗalibai. Wanda yake da katin zama na dindindin a can, ko fasfo na wata ƙasa da hanin bai shafa ba, lamarinsa dabam ne. Sauran kuwa su duba sanarwar ofishin jakadanci da idonsu a ranar da suke son fara shiri, domin irin wannan doka takan canja, kuma kada su dogara da maganar dillalan biza. Sannan a tambayi makarantar ko tana ba da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibai, domin wasu daga cikin waɗannan shirye-shirye yawancin darussansu ta intanet ake yi, bizar ɗalibai ta F-1 kuwa darasi ɗaya tak na intanet take yarda a lissafa a kowane zango.

Mataki na biyu, a nan ne akasarin ƴan Nijar suke yin tuntuɓe. Lisans ɗinmu na tsarin LMD (lisans, masta, dakta) shekara 3 ne, digirin farko na Amurka kuwa shekara 4, kuma kowace jami'a ita ke yanke hukuncin ko za ta ɗauki namu daidai da nata. Don haka a rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai, a faɗi sunan jami'ar da aka gama da yawan shekarun da aka yi, a nemi amsa a rubuce. Wanda ya ƙara da masta ya fi samun sauƙi. In amsar ta yi daɗi, sai a kai takardu wurin hukumar tantancewa irin WES ko ECE, a zaɓi tantancewar da ke bin darasi ɗaya bayan ɗaya, domin ita ce ke mayar da makinmu na kan 20 zuwa ma'aunin da ke tsayawa a 4.0. Yawancin makarantu 3.0 suke nema ko sama da haka. Galibi ana so jami'ar ce da kanta za ta aika takardar maki, tare da fassarar Ingilishi, saboda haka a je ofishin rajista da wuri, a yi ta bibiya cikin ladabi, a kuma lura da rubutun suna: in takardar haihuwa ta ce Mahamadou, fasfo kuma ya ce Mahamane, to a gyara tun a gida.

Na uku shi ne darussan share fage. Kusan duk makarantu suna neman ilimin tsarin jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi ke aiki, ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, kimiyyar sinadarai da ƙididdiga, wasu kuma su ƙara da ilimin abinci mai gina jiki da na halayyar ɗan Adam daga ƙuruciya zuwa tsufa. Da yawa ba sa karɓar darasin kimiyya da ya daɗe, misali wanda ya wuce shekara 5 ko 7, kuma suna so a ga an yi aikin ɗakin gwaje-gwaje. A nawa ganin, wanda ya karanta tarihi ko shari'a ya ware wa wannan mataki shekara guda cur, kada kalmar gajeren zango ta ruɗe shi.

Sai Ingilishi. Za a nemi TOEFL ko IELTS, wasu kuma su ƙara da jarrabawar shiga ta TEAS ko HESI. Wanda ya yi karatu da Faransanci yana da ɗan rangwame, domin sunayen cututtuka da na gaɓoɓi da yawa asalinsu ɗaya ne a harsunan biyu. Inda wuyar take shi ne fahimtar tsohuwa marar lafiya da ke magana cikin zafin ciwo, kuma wannan sai da yawan sauraro.

Makarantu da yawa ta shafin NursingCAS ake nemansu. Kafin a cika, a tabbatar makarantar tana da amincewar CCNE ko ACEN, hukumomin da ke tantance makarantun jinya a Amurka. A takardar bayanin kai, kada a tsaya ga cewa ana son taimakon jama'a, kowa haka yake rubutawa. Wanda ya yi jinyar ɗan'uwa a babban asibitin Damagaram, ko ya yi aikin sa kai lokacin ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina, ya faɗi abin da ya gani da abin da ya koya. Kuɗin makaranta kuwa dubun-dubatar dalolin Amurka ne, ban da masauki da inshorar lafiya, kuma tallafi ga ɗan ƙasar waje kaɗan ne. Makarantun da kansu suna ba da shawarar kada a haɗa da aiki, saboda haka iyali su zauna su yi lissafi na gaskiya tun da fari.

Bayan an samu gurbi, asibiti ba zai karɓi ɗalibi ba sai da shaidar rigakafin ciwon hanta nau'in B, ƙyanda da sauransu, da gwajin tarin fuka, da takardar koyon farfaɗo da numfashi. Tunda ana yi wa jarirai allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a Nijar, gwajin fata yana iya nuna cutar alhali babu ita, don haka a nemi gwajin jini.

Cikin karatun, mako ɗaya da aka bari ya wuce da wuya a sake kamo shi. Makarantu da yawa suna sallamar wanda ya faɗi darasi biyu. A karanta babin kafin shiga aji, a kuma amsa tambayoyi irin na jarrabawa kowace rana, domin tambayar ba ta haddace ba ce: za a ba ka marasa lafiya huɗu a ce wa za ka fara dubawa. Lissafin magani kuwa sai ya zauna daram. In likita ya rubuta miligiram 500, ruwan maganin kuma yana da miligiram 250 a kowane mililita 5, to mililita 10 za a ba. Ruwa mililita 1000 cikin awa 8 yana nufin 125 a kowace awa. A Amurka da fam ake auna nauyi, kilo ɗaya kuwa fam 2.2 ne, kuma kuskure a nan kan yaro ƙarami yana iya zama ajali. Aikin asibiti yakan kai awa 12 a tsaye, don haka a yi wa malamar da ke kula da rukuni maganar lokacin salla, hijabi da azumi tun ranar farko, ba sai an shiga tsakiyar aiki ba.

Digirin kaɗai ba ya ba da izinin aiki. Sai an yi rajista da hukumar jinya ta jihar da ake so, an biya dalar Amurka 200, an zauna jarrabawar NCLEX-RN, wadda tun Afrilun 2023 take da tambayoyi 85 zuwa 150 cikin awa 5. Wasu jihohi ba sa ba da lasisi sai da lambar tsaron zamantakewa, wato lambar shaida ta Social Security da gwamnatin Amurka ke bayarwa, saboda haka a zaɓi jihar tun ana zangon ƙarshe. Mai niyyar dawowa gida ya adana cikakken bayanin kowane darasi da awannin asibiti, domin da su zai nemi a daidaita masa takardarsa a Yamai.